Takalman Afandi Burhan

Duk ranar Juma'a, kafin ya yi wankan masallaci, Baba yakan sauko da takalman mahaifinsa daga saman kabad ya goge su. Manyan takalman soja ne baƙaƙe, tafinsu ya sha faci. Yakan shimfiɗa tsohuwar jarida a bakin ƙofa, ya zauna a kan 'yar kujera, ya yi ta murza su da tsumma har sai sun ɗauki ido. Ba wanda ya taɓa zura ƙafa a cikinsu tun da mai su ya rasu, ina da shekara ɗaya a duniya.

Mai su shi ne kakana, Afandi Burhan Sururu. Afandi ba suna ba ne, muƙami ne. Shi ne iyakar inda baƙar fata ke kaiwa a sojan Turawa a zamaninsu: hafsa ne, da sojoji a ƙarƙashinsa, amma duk ɗan Baturen da ya sauko daga jirgi jiya yana gaba da shi. Yanzu kuwa a Nairobi kowane ɗan sandan kan titi afandi ake ce masa. Baba bai taɓa kiran ko ɗayansu haka ba. Ofisa yake cewa, ya wuce abinsa.

"Afandi ɗaya na sani," in ji shi, "kuma yana kwance a maƙabartar unguwar nan, Kibra."

Mutum ɗaya ce a gidanmu ba ta sassauta murya in za ta ambaci sunan, ita ce Abuba Kadmala, mahaifiyar Baba, matar Afandin. Ta haura tamanin, haƙoranta huɗu suka rage, amma bakin bai rasa komai ba.

"Sebi, in ka gama da takalmin matacce, ga silifas ɗin mai rai nan ya tsinke tun Talata."

"Mama, yau fa Juma'a ce."

"To silifas ɗin ma Musulmi ne."

Akwai wata kalma da Baba ke ji da ita kamar yadda yake ji da takalman, ita ce Sudani. In ana biki aka saki gangar doluka jininsa ya hau, sai ya ɗaga sanda sama ya ce, "Mu Sudani ne, da bindiga aka raɗa mana suna!" Bai taɓa taka ƙasar Sudan ba, bai san kowa a can ba. In mutanen Juba ko na Hartum suka zo masallacinmu na Makina, nan cikin Kibra, baƙi yake kiransu. Na taɓa tambayarsa ina ƙarama, ya ce, "Waɗancan mutanen Sudan ne. Mu kuwa Sudani. Ba ki ga bambanci ba?" A bakin tsofaffinmu na ƙabilar Nubi kalmar ba ƙasa take nufi ba. Tana nufin ubanka soja ne, kakanka soja ne, Bature ya kawo shi da ƙafa, ya nuna masa dajin Kibra ya ce ya sare ya zauna.

A shekarar Baba ya yi niyyar Hajji. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran kan jirgin ƙasa, ya aurar da yayyena, ya binne mahaifiyarmu, sai yanzu hali ya yi. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita kuma ya saurari ƙirjinsa ya ce in zai je ya je bana, baɗi ba zai sa masa hannu ba. Mai shirya tafiyar alhazai ya ce fasfo ya iso hannunsa kafin ƙarshen azumi, in ba haka ba kujerar ta wuce.

Ni na raka shi ofishin fasfo. Ya miƙa katinsa na ɗan ƙasa, wanda ke aljihunsa tun kafin a haife ni. Yarinyar da ke kan kanta ta dubi sunan, ta dubi hularsa, ta nuna mana wani ɗaki a ƙarshen baranda. Duk ɗan Nubi ya san ɗakin nan. A can aka ba mu 'yar takarda: ya kawo shaidar gwamnati mai nuna inda aka haifi mahaifinsa, sannan ya bayyana gaban kwamitin tantancewa nan da mako biyar.

Na zaci zai fusata. Dariya ya yi, har muka shiga motar haya bai daina ba.

"Takardar ubana suke son gani? Su suka tsokano. Siyama, ba tarihi kika karanta a jami'a ba? Shekara huɗu kina haddace tarihin mutanen da ba su san da ke ba. To ga na gidanku. Je ki tono mini Afandi in aza musu shi a kan tebur."

Takardun gida duk sun tafi a gobarar da ta cinye layinmu ina 'yar shekara biyar. Ranar Baba ya fito da ni a hannu ɗaya, takalman a ɗaya hannun. Don haka sai na nufi ma'adanar tsofaffin takardu a cikin gari. Suka ce suna kaɗai ba ya nemo soja, sai da lambarsa. Na dawo na tambayi Baba, ya hau sosa gemu. Bai sani ba, kuma na ga abin ya ba shi kunya.

"Dubu huɗu da ɗari da ashirin da bakwai," in ji Abuba, ko kai ba ta ɗago daga faifan da take saƙawa ba. "Yaya zan manta? Shekara goma sha shida a bariki ba wanda ya kira ni Kadmala. Ran rabon gari kofur zai tsaya ya kwarmata, matar dubu huɗu da ɗari da ashirin da bakwai! In fito da kwanona. Kai ma da aka haife ka da lambar aka rubuta ka, kamar ɗan akuya."

Mako uku na yi ina zuwa ma'adanar. Ina son wurin, don nan kaɗai na sani da ake yabon mutum a kan ya iya shiru. Tebur ɗaya nake zama, kusa da taga. Mai fito da takardu wata dattijuwa ce, Mama Nekesa, mai tafiya tana jan ƙafa. Sau biyu tana kawo mini Burhan wanda ba nawa ba. Ranar wata Laraba ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke mai shiru, zo ga mutuminki."

Fayil ne mai koren bango, an ɗaure shi da zare, shafi tara. Yadda akawunan da ke aiki, sabuwar takarda a sama ake ɗora ta, tsohuwa tana ƙasa. Saboda haka da ƙarshensa na fara. Takardar sallama, 1963: shekara ashirin da shida a aiki, hali abin koyi, gida Kibra. Na buɗa. An ɗaga shi zuwa afandi, 1957. Na buɗa, ga shi samanja, ga shi saje. An yi masa kashedi a 1948 saboda ajiye zakara a bariki mai tashin Kyaftin kafin a busa bigila. Ga yaƙin Bama, 1944: ya goyo wani hafsa da aka harba ya ƙetare kogi da shi, shi ma da harsashi a cinya. Ga Habasha. Ina buɗawa yana komawa yaro a hannuna. Ban taɓa jin sa kusa da ni kamar a wannan awa ba.

Sai na kai shafin ƙasa, wanda shi ne na farko, na ranar da aka ɗauke shi a 1937. Suna, sunan uba. Shekaru, kimanin goma sha takwas. Tsawo. Tabo a gwiwar hagu. Ƙabila: Sudani. Wurin haihuwa: Sudan. A ƙasa ba sa hannu, sai dangwalen babban yatsa, tawadar ta koma ruwan ƙasa.

Na karanta layin sau uku. Abin da kwamiti ke nema ke nan, takardar gwamnati mai nuna inda aka haife shi, ga ta kuwa ta nuna.

Mama Nekesa ta yi mini kwafi, ta buga hatimi a kowane shafi, ta rubuta da jan biro a kusurwa: ɗaya cikin tara, biyu cikin tara, har ƙarshe. Ta ce, "Kakanki namiji ne." Na yi godiya.

Na tarar da Abuba a tsakar gida tana gasa gurusa, irin gurasarmu, a kasko. Baba ya tafi sallar azahar. Na tsuguna kusa da murhun.

"Abuba, a ina aka haifi Afandi?"

"Bayan masallaci, inda yanzu aka yi shagon cajin waya. Da akwai ɓaure a wurin. Uwarsa da kanta ta nuna mini inda aka binne cibiyarsa. Mene ne?"

Na gaya mata. Ta manta da kaskon, har gurusar ta fara ƙauri na sa hannu na juya. Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Takalmi," in ji ta.

"Na'am?"

"Sau ɗaya ya ba ni labarin, zazzaɓi ne ya kwance masa baki. Ran ɗaukar soja layi biyu ake yi. Akawu na zaune da alƙalami, tambaya ɗaya yake yi wa kowa: Sudani? In ka ce i, ka bi dama, a ba ka takalmi, kuma wata rana kana iya samun igiya a hannu. In ka ce a'a ka bi hagu, ƙafa a ƙasa, kaya a ka. Yaro ɗan sha takwas da bai taɓa sa takalmi ba, me zai ce? Kuma ba ƙarya ya yi ba, yadda muke faɗar kalmar. Ba wanda ya tambaye shi inda aka haife shi. Akawun ne ya cike gurbi biyu da amsa ɗaya don kada alƙalaminsa ya gaji. Shi kuwa ya dangwala, boko sai daga baya ya koya."

"Waɗannan takalman ne na kan kabad?"

"Ina! Na farkon ruwan Bama ya cinye su. Waɗannan jikokinsu ne." Ta sauke gurusar ta rufe a faifai. "Ki gaya wa ubanki. Yau ɗin nan. Ki ce in sun tambaye shi ya ce Nubi, haifaffen Kibra, ɗan haifaffen Kibra. Waccan kalmar ya haɗiye ta, ko da ruwa ne."

"Abuba, ke ki gaya masa mana."

"Ni? Shekara ashirin da ɗoriya ina gaya masa ubansa mutum ne ba waliyyi ba, yana cewa kishi nake da matacce. Ke ce mai digiri. Ke zai ji, in Allah ya sa kin gano inda bakinki yake."

Na yi niyyar faɗa masa da ya dawo. Amma bai dawo shi kaɗai ba. Da ma ina karɓar fayil ɗin na buga masa waya don murna, shi kuwa tun a masallaci ya baza cewa an samo Afandi, sai ga shi bayan la'asar da maƙwabta uku da Mzee Doka, dattijon unguwa wanda kwamitin ke zaunarwa a matsayin shaida. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi. Baba ya sa ni a tsakiya, inda na fi ƙi a duniya, ya ce in karanta in juya musu da harshenmu, don idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe.

Na jera shafukan daidai, na fara da na biyu.

"Fara daga farko mana," in ji Baba.

"Na farkon suna ne kawai da tsawo, Baba."

"To, je ki."

Na karanta Habasha, suka yi kabbara. Na karanta zakara, aka kwashe da dariya, Mzee Doka har da tari.

"Zakarana ne," in ji Abuba daga bakin madafa. "Kuma Kyaftin ɗin ne ya cinye shi. Wannan sun rubuta?"

Sai na dawo kan kogin Bama, wanda na bari sai ƙarshe. Baba ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar da aka ɗauki mahaifiyarmu.

"Bai taɓa gaya mini ba," in ji shi. "Ɗingishin nan, ya ce faɗuwa ya yi daga keke."

Na ɗago ido muka haɗa da Abuba. Ta kawar da kai.

Mako biyu suka rage, kuma sau biyu na gwada. Na farko na kai masa ruwan alwala na tsaya a kansa na ce, "Baba, maganar shafin farko."

"Yawwa! Tsawonsa nawa suka ce?"

"Ƙafa shida ba inci ɗaya."

"Ban gaya miki ba? Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar tsohon gidanmu." Ya karɓi butar yana murmushi, ni kuma na koma ɗaki.

Na biyu ran Juma'a ne, yana goge takalman. Na zauna a dokin ƙofa na shirya maganar a raina tsaf. Zan ce masa takardar ta ce uban nasa baƙo ne. Zan ce masa kalmar da yake ɗaga sanda a kanta ita ce za ta hana shi Makka, ya musanta ta a gaban mutane. Ya ɗago ɗaya takalmin ya huro masa iska ya ce, "Siyama, ran Alhamis za su san ɗan waye ya shigo musu ofis." Na ce, "Haka ne, Baba."

Kullum Abuba sai ta tare ni a madafa. "Kin faɗa?" In ce tukuna. Ta ce, "Kunya dai ba ta taɓa kai kowa Makka ba."

A ƙarshe na zaɓi abin da na fi iyawa. Na zare shafin farko, na ninke shi huɗu, na cusa a ƙasan jakata. Takardar sallama ta ce gida Kibra. Na gaya wa kaina wataƙila wannan ya isa, wataƙila ba wanda zai ƙirga.

Ran Alhamis Baba ya sa farar riga da kwat ɗinsa na ɗaurin aure. Muka zauna a benci tun safe har rana ta take. Da aka kira mu, mutum huɗu muka tarar a bayan dogon tebur. Shugabar wata mata ce mai tabarau. Kusa da ita wani jami'in tsaro, saurayi, ba zai girme ni da shekara uku ba, kowa a ɗakin afandi yake ce masa. Sai mai rubutu, sai wani da bai ce uffan ba har muka fita. Mzee Doka yana can gefe a kan kujerar roba, ya fi kowa ƙasa.

Baba ya aza ambulan a kan teburin da hannu biyu, kamar yadda ya yi alkawari.

"Ga mahaifina," in ji shi.

Jami'in ya zaro takardun yana buɗawa da ɗan yatsa ɗaya. "Habasha. Bama. Kai, Mzee, tsohon nan ya yi wa Sarauniya aiki."

"Sosai kuwa, ofisa!" Baba ya ɗauka yabo ne.

"Biyu cikin tara. Uku cikin tara." Ya koma baya, ya leƙa cikin ambulan, ya kaɗa shi. "Ina ɗaya cikin tara?"

Baba ya juyo. "Siyama?"

Da na iya ƙarya da na ce na manta shi a gida. Ban iya ba. Na buɗe jaka, na tona ƙasa, na fito da shi. Kowa a ɗakin ya ga ninkin.

Jami'in ya shimfiɗa shi a tebur ya guge da gefen hannu. Ya karanta, ya tura wa shugabar, ya nuna mata wuri da biro. Sannan ya jingina da kujera.

"Mzee Sebi, tambaya ɗaya. Mahaifinka Sudani ne?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Mzee Doka ma ya yi gyaran murya. Amma Baba ya riga ya miƙe, ya haɗa dugadugansa, ƙirji a gaba.

"Sudani ne na asali! Shi da ubansa. Ni ma da kake gani haka."

Mai rubutu ya rubuta. Ina jin ƙarar biron a kan takarda.

"Ranki ya daɗe," in ji Mzee Doka, ya ɗan ɗago daga kujera, "a bakinmu kalmar nan ba ƙasa take nufi ba, tana nufin..."

"Mzee, an kira ka ka ce ka san shi, ka kuwa ce. Ba tafinta aka ɗauke ka ba," in ji jami'in.

Shugabar ta gyara tabarau ta yi magana a hankali, ba tsawa, kamar mai karanta sanarwa. Ta ce takardar gwamnati ta nuna an haifi mahaifinsa a Sudan. Shi ma ya tabbatar da bakinsa a gaban kwamiti. Bayan haka an yi yunƙurin ɓoye shafin. Saboda haka maganar ta fi ƙarfin teburin nan, za a tura ta sama. Katinsa na ɗan ƙasa kuma zai zauna a cikin fayil har a gama bincike.

Baba bai gane ba tukuna. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

"An haife shi a ina?" Ya dube ta, ya dubi jami'in, sannan ya juyo gare ni. "Siyama, me takardar ta ce?"

Abin da na kasa faɗa masa a dokin ƙofarmu, a nan na faɗa, a gaban baƙi.

"Ta ce wurin haihuwa Sudan, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya juya gare su, muryarsa ta sauka.

"A bayan masallacin Makina aka haife shi. Uwata tana da rai, ku aika a ɗauko ta. Ku zo in nuna muku kabarinsa, da na uwarsa, da na ubansa, duk a jere suke."

"Kabari ba takarda ba ne, Mzee," in ji jami'in. Ya ɗauki katin daga kan tebur ya maƙale shi a bangon fayil.

Baba ya miƙa hannu.

"Afandi," ya ce. Na ji kalmar ta fito masa da ƙyar, kamar an ciro ta da ƙugiya. "Afandi, don Allah. Katin."

"Na gaba," in ji shugabar.

A motar haya ya juya fuskarsa ga taga. Da muka sauka ya ƙi in riƙe masa hannu a kan kwata, ya lalaba da sandarsa. Abuba tana ganin fuskokinmu ta ajiye faifanta. Ni ta kalla, sau ɗaya, ta tashi ta shige ɗaki.

Bai zage ni ba, ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Magana ɗaya ya yi, bayan kwana uku, na kai masa shayi yana zaune yana fuskantar bango.

"Da kin gaya mini, da na yi fushi da ke kwana biyu."

Na tsaya da faranti a hannu ina jira ya ƙara wani abu. Ya ci gaba da fuskantar bango.

Har yau ina auna abin. Wata rana in ce ko na faɗa masa ba zai iya haɗiye kalmar ba, za ta fito ko ya danne ta. Wata rana in ce layin yana nan a rubuce, ko me ya ce za su karanta shi. Amma da shafin ya shiga ɗakin nan a miƙe, ba a ninke a ƙasan jakata ba, da Baba ya shigo da shirinsa, da Abuba a hannu da labarin layi biyu, ban san me zai faru ba. Ni na hana mu sani.

Azumi ya zo ya wuce. Na yi ta zuwa ofishin duk Litinin, ana ce mini fayil yana sama. Mai shirya tafiya ya kira sau biyu, na uku ya ce ya ba wani kujerar, Allah ya sa da rabo a gaba. Alhazan Makina suka tashi, aka raka su da mota uku da waƙa. Baba ya fita ya yi musu addu'a a bakin masallaci, ya dawo ya kwanta.

Bayan babbar Sallah wasiƙa ta zo. Ya juya ta a hannu, ya miƙo mini.

"Karanta. Daga farko. Kada ki tsallake komai."

Na karanta har lambar da ke saman shafi da kwanan wata. Sun ce domin a ci gaba da duba maganarsa, ya kawo shaidar haihuwar Sururu, mahaifin Afandi.

"Sururu?" in ji Abuba. "Mutumin da shi kansa bai san garin da aka kamo shi ba? Ku ce musu su tambayi Baturen da ya ɗaura masa bindiga."

Baba ya karɓi wasiƙar ya ninke ta ya sa a aljihun da katin ke zama.

Juma'ar da ta biyo ya shimfiɗa jarida a bakin ƙofa ya zauna a kan 'yar kujerarsa. Bai nufi kabad ba. Ƙura ta riga ta yi wa takalman fari a can sama, tun ranar kwamiti ba a taɓa su ba. Ya ce in miƙo masa silifas ɗin Abuba da ƙusa da guntuwar waya. Ya huda, ya zura wayar da lalube, ya murɗe ta da haƙori.

Abuba ta fito ta tsaya a kansa tana kallo.

"Sebi," in ji ta, "sauko da su ka goge."

"Ga silifas ɗinki, Mama."

"Na ce ka sauko da su. Ubanka yaro ne fa lokacin da aka ɗauke shi soja. Takalmi kawai ya gani."

"Gwada ki ji ko wayar tana suka."

Ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta duba ɗinkin. Ta ajiye shi a ƙasa, ta zura ƙafa, ta koma ɗaki.